Yadda Ake Sujadar Safe da Za Ta Kai Ka Ga Yafiya da Zaman Tsarki

A cikin ikilisiyoyinmu akwai waɗanda Littafi Mai Tsarkinsu ba ya sauka daga kan tebur sai safiyar Lahadi, a kaɗe ƙura a saƙala a hammata. Akwai kuma waɗanda ba sa fashin karatu ko na kwana ɗaya, ayoyi a bakinsu, amma sun yi shekaru ba su gaisa da ɗan'uwan da suke zama benci ɗaya da shi a majami'a ba. Na biyun nan sun fi ba ni tausayi, domin suna zuwa gaban Allah kowace safiya su tashi da kayan da suka zo da su. Sujadar da ba ta taɓa ambaton sunan wanda ka riƙe a zuci ba, ba ta kuma taɓa canja yadda kake awo a kasuwa ba, karatu ne kawai. Ga yadda za ka bi ta zama fiye da haka.

Da farko, tsayar da lokaci da wuri

Markus 1:35 ya nuna mana Yesu ya tashi da asussuba, tun da sauran duhu, ya fita zuwa inda babu kowa ya yi addu'a. Asuba ta fi dacewa da yawancinmu, kafin yara su tashi, kafin a fara neman ruwa da hura wuta. Amma mai gadin dare ko ma'aikaciyar asibiti da ta kwana a bakin aiki, su zaɓi lokacin da hankalinsu ke jikinsu. Minti 20 sun isa a fara. Idan a waya kake karantawa, kashe data tukuna, in ba haka ba saƙon farko da ya shigo zai tafi da kai.

Na biyu, ɗauki littafi guda ka bi shi har ƙarshe

Ka daina buɗe Littafi da ka, duk inda yatsa ya faɗa a ce saƙon yau ke nan. Ba a karanta wasiƙa daga tsakiya. Littattafai 66 ne, surori 1,189, kuma wanda ya ɗauki niyyar cinye su a wata uku yakan tsaya a tsakiyar Littafin Ƙidaya. Ka fara da Bisharar Markus: sura 16 ce kawai, labarinta kuma yana tafiya da sauri. Kana iya raba kowace sura biyu, ka yi wata guda a kanta. Daga nan Luka, sannan wasiƙar Yaƙub ko Afisawa. Wasu suna haɗawa da Zabura ɗaya kowace rana, wasu da sura ɗaya daga Karin Magana, wato Misalai, tun da surorinsa 31 sun yi daidai da kwanakin wata. Idan ikilisiyarku tana buga littafin sujada na kowace rana, ka yi amfani da shi, amma ka karanta nassin da kanka kafin ka duba bayanin marubuci.

Maganar fassara kuma: an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya sa hannu sosai a ciki, daga baya aka yi sababbin fassarori. Tsofaffinmu da yawa sun haddace tsohuwar, tana da daɗi a kunnensu, amma wasu kalmominta sun yi wa matasa nisa. Ka riƙe wadda kake ganewa.

Na uku, karanta da murya, sau biyu

Kafin ka fara, roƙi Ruhu Mai Tsarki ya buɗe maka hankali. Jimla ɗaya ta wadatar. Karatun farko don ka san abin da ya faru ne: wa ke magana, da wa, me ya jawo maganar. Karatu na biyu a hankali, har ka kai inda wata aya ta tsayar da kai, ko don ta sanyaya maka rai ko don ta sosa maka inda ke ciwo. Kada ka tsallake mai ciwon. Ka sami ƙaramin littafin rubutu, irin na 'yan makaranta, ka rubuta kwanan wata da ayar, da layi ɗaya kan abin da ta nuna maka game da Allah, da layi ɗaya kan abin da ta nuna maka game da kanka. Game da kanka na ce. Da zarar ka ji zuciya tana cewa "ai wannan ayar ta surukata ce", ka san ka sauka daga hanya.

Na huɗu, faɗi laifinka da sunansa

"Ya Ubangiji, ka gafarta mana zunubanmu, wanda muka sani da wanda ba mu sani ba" addu'a ce mai kyau a taron jama'a. A ɗakinka kai kaɗai, ba ta isa ba. Ka ce: jiya na yi wa matata tsawa a gaban yara. Na ƙara kuɗi a kan abin da aka aike ni saye na sa a aljihu. Na ji daɗi da aka ce shagon wane ya rufe. Dawuda bai rubuta Zabura 51 ba sai da annabi Natan ya tsaya a gabansa ya nuna masa abin da ya yi wa Uriya da Bat-sheba, kuma bai kawo hujja ko ɗaya ba. Idan ka duba ba ka ga komai ba, yi addu'a da Zabura 139:23-24, inda mai zabura ke roƙon Allah ya bincike shi, sannan ka yi shiru na ɗan lokaci.

Bayan ka furta, ka karɓi gafarar. 1 Yohanna 1:9 ta yi alkawari cewa in mun furta zunubanmu, shi mai aminci ne mai adalci, zai gafarta mana ya kuma tsarkake mu. Wasu suna kawo laifi ɗaya kowace safiya har shekara goma kamar Allah bai ji ba. Ya ji. Abin da ya rage shi ne in laifin ya taɓa dukiyar wani ko sunansa, a gyara. Zakka, a Luka 19, bai tsaya ga murnar karɓar Yesu a gidansa ba, ya ce duk wanda ya cuta zai mayar masa ninki huɗu.

Na biyar, kawo sunan wanda ya yi maka laifi

Nan ne aikin yake, nan ne kuma mutane da yawa ke rufe littafi su ce lokaci ya ƙure. A cikin addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa, roƙon gafara ne kaɗai ya koma ya yi wa ƙarin bayani, a Matiyu 6:14-15: in ba ku yafe wa mutane ba, Ubanku ma ba zai yafe muku ba. Kowace Lahadi muna faɗin wannan addu'a da ƙarfi, muna ɗaura wa kanmu sharaɗi da bakinmu.

Ka tambayi kanka: sunan wa ne in aka ambata nake jin cikina ya murɗa? Ƙanen mijin da ya karɓi kuɗin adashenki ya ce sati biyu, ga damina biyu sun wuce, in kun haɗu a biki sai ya kawar da kai? Maƙwabcin da ya ci maka kunya biyu a iyakar gona? Ka faɗi sunan a gaban Allah, ka faɗi abin da ya yi maka ba tare da ragewa ba. Yusufu, da 'yan'uwansa suka zo suna rawar jiki bayan rasuwar mahaifinsu a Farawa 50, bai ce musu ba komai ba. Ya ce sun nufe shi da mugunta, Allah kuwa ya nufi alheri, sannan ya yi alkawarin ciyar da su da 'ya'yansu. "Ba komai" da muke faɗa da baki alhali zuciya na tafasa, ba yafiya ba ce, binnewa ce.

Sai ka karanta Matiyu 18:21-35, ka yi lissafin da ke ciki. A misalin da Yesu ya bayar a nan, akwai wani bawa da sarki yake binsa talanti 10,000, shi kuma yana bin abokin aikinsa dinari 100. Dinari ɗaya ladan ɗan ƙwadago ne na yini guda, talanti ɗaya kuwa kusan dinari 6,000 ne. Wato abin da yake bin ɗan'uwansa kuɗin aikin wata uku ne da 'yan kwanaki, ba ƙaramin abu ba ne ga talaka, Yesu bai ce ƙarami ba ne. Amma abin da aka yafe masa, ko shi da jikokinsa za su yi ta aiki har ƙarshen ransu ba za su biya ba. Ka ajiye laifin da ka furta a mataki na huɗu kusa da laifin da aka yi maka. Daga nan ka ce da bakinka: Ya Uba, na sake shi, ba zan rama ba, ba zan yi masa fatan sharri ba. Sannan ka roƙa masa albarka guda takamaimai, lafiyar ɗansa ko amfanin gonarsa. Ranar farko kalmomin za su fito da ƙyar. Gobe in ɗacin ya dawo, ka sake. Bitrus ya ɗauka sau bakwai ya isa, Yesu ya kai shi bakwai sau saba'in, kuma sau da yawa laifi ɗaya ne za ka yi ta yafewa duk lokacin da ya taso maka.

Ina faɗin wannan ina sane da cewa a ƙasarmu maganar ba ta tsaya ga bashi da iyakar gona ba. A 2014 an sace 'yan mata 276 daga makaranta a Chibok, mafi yawansu 'ya'yan ikilisiyar EYN, wato Ikilisiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, a shekarar kuma aka mamaye hedikwatar ikilisiyar a Kwarhi. A Filato da kudancin Kaduna akwai gwauraye da marayu da ke zaune da irin wannan rauni. Kada wani ya tsaya a kan wanda ya binne nasa ya ce masa "ka yafe yanzu-yanzu". Mai irin wannan ciwo yana iya farawa da zaburar kuka, kamar Zabura 13, ya ce wa Allah bai iya ba tukuna amma yana so a taimake shi. Wannan ma addu'a ce karɓaɓɓiya. Yafiya kuma ba ta hana hukuma aikinta. Romawa 12:19 ta hana ka ɗaukar fansa da hannunka, sura ta 13 kuma ta ce an ba mahukunta ikon hukunta mai mugunta. Matar da mijinta ke duka tana iya yafe masa a gaban Allah, ta kuma kai maganar ga dattawa da hukuma, ta nemi inda za ta tsira da ranta. Haka wanda ya cinye maka kuɗi, kana iya yafe masa ba tare da ka sake damƙa masa jakar zumunci ba.

Idan kuwa kai ne mai laifin, Matiyu 5:23-24 ya ce ka bar baikonka a gaban bagade ka je ka shirya da ɗan'uwanka tukuna. Kada ka aika saƙon waya in ƙafa za ta iya kai ka. Ka je da yamma, ku gaisa, ka rusuna ka ce: "Yaya, na zo ne kan maganar da na faɗa ranar rabon gado. Ban kyauta ba, ka yafe mini." Ka tsaya nan. Da ka ƙara "amma kai ma", ka rushe abin da ka zo ginawa. In ya ƙi karɓa, ka yi sallama cikin ladabi. Romawa 12:18 ta ce in mai yiwuwa ne, gwargwadon abin da ke hannunka.

Na shida, fita da aiki guda

Mutane da yawa in an ce zaman tsarki sai hankalinsu ya tafi ga tsawon zane da ɗankwali da barin giya. Ka buɗe Littafin Firistoci sura 19, inda Allah ya ce ku zama masu tsarki gama ni mai tsarki ne, maganar da Bitrus ya maimaita a wasiƙarsa ta fari. Me ya biyo baya? Kada ka girbe gonarka ƙaf, ka bar wa matalauci da baƙo kala. Kada ladan ɗan ƙwadago ya kwana a hannunka. Kada ka yi yawon tsegumi. Mudunka da ma'auninka su zama na gaskiya. Don haka mai sayar da hatsi da ke da mudu biyu, na saye da wanda aka buga wa gindi na sayarwa, tsarkinta na yau shi ne ta ajiye na biyun. Wanda yara suka yi wa noma jiya ya ce su dawo ran kasuwa, ya kira su ya biya. Kafin ka tashi, rubuta abu ɗaya tak da za ka yi yau saboda abin da ka karanta, wanda da dare za ka iya cewa na yi ko ban yi ba.

Da dare, kafin barci, ka duba wannan layin. Ka kuma duba ko akwai fushin da ya taso yau, domin Afisawa 4:26 ta ce kada rana ta faɗi kana riƙe da shi. In tsakaninka da matarka ne, ku yi maganar kafin a kashe fitila.

Ranar da ka yi fashi, ko sati guda ne, kada ka ce sai ka rama duk surorin da suka wuce ka. Ci gaba daga inda ka tsaya. Idan akwai tsohuwa a gida da ido ya yi rauni, ko wanda bai yi makaranta ba, ka karanta musu da murya, ko ka kunna musu karatun Hausa da ake samu a waya, ku tattauna. Ka kuma sami mutum ɗaya amintacce a zumuntar mata ko ta maza ko ta matasa, wanda ka ba shi izini ya tare ka bayan sujada ranar Lahadi ya tambaye ka ko ka je wurin mutumin da ka ce za ka je.