Inda Ɗalibai ke Tuntuɓe Wajen Gano Motsin Baki Daga Sauti

Na yi murna da ganin ɗaliban ilimin furuci a Ngaundere da Marwa, ƙasar Kamaru, suna zuba murya cikin Praat, manhajar nazarin sautin magana, don su gano yadda harshe da leɓɓa suka motsa. Sai dai kurakurai iri ɗaya suke ta maimaitawa, kuma abin yana damuna.

Mafi girma shi ne ɗaukar cewa kowane sauti siffar baki guda ce ke haifar da shi. An koya maka cewa fomant, wato amon da bututun murya ke ƙarfafawa a cikin sauti, lambobinsa na bin siffar baki: na farko, F1, yana hawa idan baki ya buɗe, na biyu kuma, F2, idan harshe ya matso gaba. Gaskiya ne, amma ciji alƙalami ka ce "i": wasalin zai fito duk da muƙamuƙi bai motsa ba, harshe ne ya ɗauke masa aikin. Haka ma turo leɓɓa gaba da saukar da maƙogwaro, duka biyun tsawaita bututun murya suke yi, su sauke lambobin fomant ɗin. Gyaran shi ne ka ɗauki bidiyon bakin tare da muryar, kuma ka bi motsin cikin kalma gaba ɗaya, kada ka yanke hukunci daga ɗigo guda.

Sai mantawa da mai maganar. Bututun muryar babban namiji kusan santimita 17 ne, na mace da na yaro bai kai haka ba. A Praat, saita iyakar fomant a 5000 Hz ga namiji, 5500 Hz ga mace.

Saƙon murya na WhatsApp matsattse ne, kada ka auna shi. Ɗauki muryar a tsarin WAV, wanda ba a matse shi ba, bayan isha'i, lokacin da babura suka yi sauƙi, a ɗakin da ke da katifa da labule.

Haruffanmu kuwa, nan ne na fi jin takaici. Yawancin manhajojin da ke hasashen motsin baki an horar da su ne da masu Turanci da aka liƙa wa na'ura a harshe, Turanci kuma ba shi da ɓ, ɗ, ƙ ko ts. Ɗora yatsa a zakaran wuyanka: a "ɓera" sauka yake yi, a "ƙasa" hawa. Sannan tambayi wanda ka ɗauki muryarsa a Garwa wane harshe ya tashi da shi, domin Fulatanci yana da ɓ da ɗ amma ba shi da ƙ, sau da yawa "k" za ka ji a wurinta.