Kurakuran da ake yi wajen kula da kogwannin farar ƙasa

Inda dutsen farar ƙasa ya yi yawa, irin wanda ake haƙa a Kalambaina ko Malbaza don siminti, ruwan sama yakan ci shi a hankali har ƙarƙashin ƙasa ya cika da kogwanni da hanyoyin ruwa. Masana na kiran irin wannan ƙasa kast, daga sunan yankin Kras na Sloveniya.

Babban kuskure shi ne a sa gadi a bakin kogo, a manta da saman ƙasa. Ɓarnar daga sama take sauka. Mutane sukan ga rami inda ƙasa ta burma su mai da shi bola: mushe, baƙin mai, ruwan masai, duk a ciki, da tunanin ƙasa za ta tace. Ba ta tacewa. Ruwan zurarewa yake yi ta tsagar dutse, cikin 'yan kwanaki ya ɓullo a maɓuɓɓugar da ake sha. Garin Horse Cave na jihar Kentucky a Amurka ya ga haka: ƙazantar gari da ta masana'antu ta sa kogon da ke ƙarƙashinsa ya yi ɗoyi har aka rufe shi a 1943, bai farfaɗo ba sai bayan an kafa sabuwar ma'aikatar tace ruwa a 1989. Gyaran wannan kuskure shi ne a zuba rini marar cutarwa a ramukan, a ga inda zai fito, sannan a kare duk filin da ke shayar da kogon, ko da ya yi nisa da bakinsa.

Sai kwaɗayin kuɗin shiga. An gano kogon Lascaux a Faransa a 1940, aka buɗe wa jama'a a 1948. Numfashin baƙi da zafin jikinsu suka canja iskar ciki, gansakuka ta fara bin zanen mutanen dā da ke bangonsa, wanda ya kai shekara kusan 17,000, dole aka rufe a 1963. Kwafinsa ake kai mutane yanzu. Da an ƙayyade adadin masu shiga tun farko, da ba a kai nan ba.

Fitila ma ɓarna ce in an bar ta a kunne wuni guda, don tsiro kan fito a bangon da take haskawa. A kunna in baƙi sun iso, a kashe in sun wuce. A kuma hana shafa duwatsun da ke reto daga rufi, maiƙon hannu na ɓata su.

Wanda ya fi ban takaici shi ne mai kyakkyawar niyya da ke toshe bakin kogo da bulo don hana ɓarayi. Ya tare iska, ya tare jemagu, alhali kashinsu ne abincin ƙananan halittun ciki. Ƙofar ƙarfe mai sanduna a kwance ake sawa, da tazarar da jemage zai ratsa amma mutum ba zai iya ba.