An gama gina wxPython, laburare ya ƙi lodawa: kurakuran da aka fi yi

Duk wanda ya taɓa gina wxPython daga tushe a kan Linux ya san wannan takaicin. wxPython dai shi ne ke ba Python damar amfani da wxWidgets, laburaren yin shirye-shirye masu tagogi da maɓallai. Kwamfuta ta daɗe tana aiki, fanka na ta kuka, gini ya ƙare lafiya lau. Ka buɗe Python, ka rubuta import wx, sai ga saƙo cewa ba a ga libwx_gtk3u_core-3.2.so.0 ba: "cannot open shared object file". Ka leƙa /usr/local/lib, ga fayil ɗin nan a zaune.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne ma'aikata biyu ne a nan. Wanda ya haɗa laburaren lokacin gini, wato ld, daban yake da wanda ke neman sa lokacin da shirin zai tashi, wato ld.so, mai lodawa. Na farkon ka nuna masa hanya ta wx-config ko pkg-config, umarnan da ke faɗin inda laburare yake. Na biyun bai ji wannan maganar ba, yana da nasa wuraren dubawa. Kusan duk kurakuran da ke tafe daga rashin sanin wannan suka samo asali.

Kuskuren farko shi ne sake gini daga farko kafin a tambayi mai lodawa me ya rasa. Ɓata lokaci ne kawai. Ka nemo fayil ɗin _core mai ƙarewa da .so a cikin babban fayil na wx, ka sa masa ldd, umarnin da ke lissafa laburaren da fayil ke buƙata. Duk layin da ya ce "not found" shi ne ciwon. In kana son ganin kowane lungu da aka duba, ka sa LD_DEBUG=libs a gaban umarnin python, zai zayyano maka su ɗaya bayan ɗaya.

Sai mantawa da ldconfig, umarnin da ke sabunta kundin mai lodawa. Mai lodawa yana dogara ne da wani kundi, /etc/ld.so.cache, kuma make install ba lallai ya sabunta shi ba. A Debian da Ubuntu, /usr/local/lib na cikin jerin tun asali, sudo ldconfig kaɗai ya isa. A Fedora ba ya ciki, sai ka ƙara fayil a /etc/ld.so.conf.d mai ɗauke da hanyar, sannan ka kira ldconfig.

Ana yawan ba da shawarar a zuba LD_LIBRARY_PATH, jerin ƙarin wuraren da mai lodawa zai duba, a cikin .bashrc, fayil ɗin da ake karantawa duk sanda ka buɗe tashar umarni. Don gwaji na minti biyar ba laifi, amma ni ba na son a mai da shi magani na dindindin. Yana shafar duk shirin da ka buɗe daga wannan tashar, sudo kuma yana share shi, ga shi shirin da aka buɗe ta danna hoto a allo sau da yawa ba ya ganin sa. Abin da ya fi shi ne a rubuta hanyar a jikin fayil ɗin kansa, ta -Wl,-rpath lokacin gini, ko ta patchelf --set-rpath daga baya. Da readelf -d za ka ga abin da aka rubuta. A kula, in hanyar ta fito da sunan RUNPATH, tana aiki ne ga laburaren da fayil ɗin ke kira kai tsaye, ba ta bin waɗanda su kuma suke kira.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne haɗin ƙarya. Mutum ya ga ana neman 3.2, shi kuma 3.0 gare shi, sai ya yi ln -s ya laƙaba wa tsohon sabon suna. Saƙon farko zai ɓace, gaskiya ne. Amma lambar nan da ke jikin suna alama ce ta cewa tsarin cikin laburaren ya canza. Abin da zai biyo baya shi ne "undefined symbol", ko wxWidgets ta tsayar da shirin da ƙorafin cewa ginin shiri da na laburare ba su dace ba, ko kuma mafi muni, shirin ya tashi, ya yi ta aiki, sai rana ɗaya ya mutu a hannun mai amfani da shi ba tare da wani bayani ba. An rufe ciwo ne da ƙyalle alhali ƙurjin na ciki.

Kusa da wannan akwai zaman sigogi biyu a kwamfuta ɗaya. Bisa al'ada wxPython 4 na gina nata kwafin wxWidgets ta ajiye kusa da kanta. In ka ba build.py, shirin da ke gina wxPython, zaɓin --use_syswx, to za ta ɗauki wx-config ɗin da ta samu, wanda mai yiwuwa na tsarin ne, ba wanda ka gina jiya ba. Kafin gini ka duba wx-config --version da wx-config --libs. Haka nan kada sigogin GTK biyu, 2 da 3, su haɗu a shiri ɗaya, GTK da kanta za ta ƙi. GTK ita ce laburaren da wxWidgets ke zana tagogi da shi a Linux. Sunan laburaren zai gaya maka: gtk2u ko gtk3u.

Saƙon "wrong ELF class" kuwa sauƙi gare shi: an gauraya 32-bit da 64-bit, umarnin file zai nuna wane ne bare.

Masu PyQt da PySide, waɗanda ke dogara da laburaren Qt maimakon wxWidgets, na da nasu. In Qt ta ce ta ga xcb, ɓangaren da ke haɗa ta da tsarin tagogi na X11 a Linux, amma ta kasa loda shi, ka sa QT_DEBUG_PLUGINS=1 ka ga ainihin abin da ya ɓace. Daga Qt 6.5, sau da yawa libxcb-cursor0 ne. A Windows kuma, tun Python 3.8 ba a ƙara bin PATH wajen neman DLL, wato laburaren Windows, da abin da kake import ɗinsa ke buƙata, sai ka kira os.add_dll_directory kafin import. A macOS, otool -L ne ke yin aikin ldd, install_name_tool kuma ke gyara hanyar.