Babi na Bakwai: Yadda Ake Kafa Babban Akwatin Gilashi Don Gartsa da Sauran Kifaye Masu Farauta

Darasi na 1: Ku san kifin kafin ku sayi gilashi

Gartsa kifinmu ne. Masunta na kama shi a Tafkin Chadi da Kogin Kwara da Binuwai, akwai shi har Kogin Nilu. Jikinsa dogo ne, ɓawonsa tauri gare shi, ƙayoyi sun jeru a gadon bayansa. Ƙaramin irinsa yakan tsaya wajen santimita 30 a cikin akwati, babban iri kuwa yakan kai santimita 60 har ya wuce. Ku ɗauko tef ɗin tela ku auna 60 a ƙasa, ku gani da idonku. Wannan ɗan mitsitsin da kuka gani a bokitin masunci, nan zai kai.

Abu biyu za ku riƙe. Gartsa yana da huhu, yakan hau saman ruwa ya shaƙi iska ya koma. Idonsa kuma ba ya gani sosai, da hanci yake neman abinci, galibi bayan magariba.

Darasi na 2: Akwati da mazauninsa

Kifi ne na ƙasan ruwa, saboda haka faɗi ya fi zurfi amfani. Ƙaramin iri zai zauna a akwati mai tsawon santimita 120, faɗi 45, zurfi 45. Babban iri sai mai tsawo 180, faɗi 60, zurfi 60, da gilashi mai kaurin milimita 12, da ƙarin sandunan gilashi a bakinsa don kada ruwa ya buɗa shi. A manne gilasan da gam ɗin silikon na akwatin kifi. Silikon na banɗaki yana da maganin hana fumfuna, guba ne ga kifi.

Ga lissafin ruwa, ku kwafa a littafinku: 180 sau 60 sau 60, a raba da 1,000, ya ba da lita 648. Kowace lita kilo ɗaya ce. Idan aka haɗa gilashi da yashi da mazauni, nauyin ya haura kilo 800, wato buhun siminti 16. Teburin falo ba zai ɗauka ba. A sa mai walda ya yi mazauni na ƙarfe mai kauri, ko a gina na bulo a kan daɓen siminti. A aro ma'aunin magina mai ɗigon iska a ciki, a duba gaba da baya da gefe. In gefe ɗaya ya fi sauka, nauyi zai taru a kusurwa ɗaya, wata rana gilashi ya tsage. A shimfiɗa katako mai kauri, a ɗora farin soso irin na kwalin firiji mai kaurin santimita 2, sannan akwati. Kada a ajiye inda rana ke bugawa, gansakuka za ta rufe gilashin.

A zuba yashi mai laushi, kaurin santimita 3. A wanke shi a bokiti har ruwan ya fito garau, ba sabulu, ba omo. Kada a sa ƙananan tsakuwa, gartsa na haɗiye su tare da abinci. A ajiye guntayen bututun roba masu faɗi ko fasasshiyar tukunyar ƙasa marar kaifi, ya samu maɓoya.

A bar ratar yatsu huɗu tsakanin ruwa da murfi don ya shaƙi iska. Murfin ya yi nauyi, a toshe duk kafar da waya ko tiyo ya bi da soso. Gartsa gwanin tsere ne, da dare yake fita, da safe a tsince shi a bushe bayan kujera.

Darasi na 3: Girka ruwa

Ku natsu a nan. Wannan darasi shi ne inda ɗalibai suka fi faɗuwa, ba don yana da wuya ba, sai don yana son haƙuri. Wanda bai gane ba a karatun farko, ya sake karantawa, ba abin kunya ba ne.

Kashin kifi da numfashinsa da ragowar abinci suna zama guba mai suna amoniya. Ba a ganinta. Ruwa zai yi garau kamar na sha, alhali yana ƙona kifi. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani suna mayar da amoniya ta zama naitirait, ita ma guba ce. Wasu kuma su mayar da naitirait ta zama naitiret, wadda ba ta da haɗari sosai, ita muke ragewa da canjin ruwa. Waɗannan ƙwayoyi a cikin soson matatar ruwa suke zama. Sabon akwati ba shi da su. Kafin su yawaita sai an yi mako 4 zuwa 6. A cikin wannan lokaci ba a sa kifi.

Mu maimaita: ba a sa kifi. Ko ɗaya. Ko ƙarami.

Ga yadda ake yi. A cika akwati. In ruwan famfo ne, yana iya zuwa da kulorin, mai kashe kifi da ƙwayoyin duka, sai a ɗiga maganin cire kulorin bisa awon da ke jikin kwalbar. Ruwan rijiyar burtsatse ba shi da kulorin amma iska ta yi masa kaɗan, a bar shi ya kwana injin iska na kaɗa shi. A kunna matata, mai juya ruwan akwati sau 4 zuwa 5 a awa, wato wajen lita 3,000 a awa ga babban akwatin nan, don masu cin nama ƙazantarsu da yawa. Kullum a zuba abincin kifi cikin ƙaramin cokali ɗaya a ruwan da babu kifi. Zai ruɓe ya ba da amoniya, ita ce abincin ƙwayoyin. Kada ku ce ɓarna ce.

A sayi kayan gwajin ruwa na ɗigo. A ɗebi ruwa zuwa layin da ke jikin ƙaramar kwalba, a ɗiga adadin da aka rubuta, a girgiza, a jira minti 5, a gwada launin da katin a waje mai haske. Bayan kowane kwana 3 a yi, a rubuta kwanan wata da lambar. Da farko amoniya za ta hau. Wajen mako na biyu ta fara sauka, naitirait ta hau. A nan ne mutane ke ruɗewa, su ga amoniya ta sauka su ruga wajen masunci. A'a! Naitirait tana nan, ba a sa kifi. Sai ranar da kuka zuba abinci, washegari kuka gwada, amoniya 0, naitirait 0, naitiret ta bayyana. Sifili biyu. Ba sifili ɗaya ba, ba "saura kaɗan" ba.

Wani zai ce ai gartsa na rayuwa a kududdufi mai laka, kuma yana shaƙar iska, me zai same shi? Kududdufi daban, akwati daban. Huhu bai hana amoniya ƙona fata da gaɓoɓin numfashi da ke gefen kansa ba. Za ku ga jikinsa ya yi ja, majina ta lulluɓe shi, ya daina ci. Sau nawa za a faɗa? Mutum ya kashe kuɗi a gilashi da walda, sannan ya gaza jiran wata ɗaya, kifi ya mutu a mako na biyu ya dawo yana cewa ruwan unguwarsu ne ba kyau. Ba ruwa ba ne, gaggawa ce. Rai ne kuka ɗauko daga kogi, amana ce a hannunku.

Wanda ya samu tsohon soso daga matatar wani akwati mai lafiya, ya kawo shi a jiƙe ya sa a tasa, kwanakin za su ragu. Amma gwaji dai shi ne alƙali: sifili biyu.

Bayan an girka ma, ana iya kashe ƙwayoyin cikin minti ɗaya. Kada a wanke soson matata a bakin famfo. A matse shi a bokitin ruwan da aka ɗebo daga akwatin, wata-wata. In an ɗauke wuta matata ta tsaya awoyi da yawa, ƙwayoyin na fara mutuwa don rashin iska, saboda haka a haɗa ta da batir ko sola, a kuma ajiye ƙaramin injin iska mai batir. In wuta ta daɗe ba ta dawo ba, a zubar da ruwan da ya kwana a cikin matatar kafin a kunna, a rage ciyarwa, a koma gwaji.

To, ku rufe littafi ku faɗa da baki: yaushe ake sa kifi?

Darasi na 4: Sa kifi da abokan zama

A fara da biyu ko uku, bayan mako 2 a gwada ruwa a ƙara. A ɗora ledar kifin a kan ruwa minti 20, a riƙa ƙara ruwan akwati kaɗan-kaɗan, sannan a ɗauke shi da koma. Wanda aka kamo daga kogi yakan zo da siraran tsutsotsi kamar gashi a jikinsa, a ware shi a wani mazubi mako 4, a nemi likitan dabbobi ya ba da maganin firazikwantel.

Duk kifin da zai shiga bakin gartsa abinci ne. Kurungu babba yana zama da shi lafiya. Gaiwa da yauni da tsage suna cizo, kowanne sai nasa akwati. Gartsa da kansu ma a haɗa masu girma ɗaya.

Darasi na 5: Abinci

Tana, jatan lande, yankan tsokar karfasa, da abincin kanti mai nutsewa. Ban da kitse. Ƙanana kullum, manya sau 3 a mako, da yamma. Abin da ya rage bayan minti 15 a kwashe.

Darasi na 6: Zafi da canjin ruwa

Zafin ruwa digiri 25 zuwa 28. Lokacin hunturu a sa hita biyu masu wat 300, da kejin roba don kada kifi ya jingina ya ƙone. Duk mako a zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu da tiyo daga ƙasa, wato jarka 8 masu lita 20 ga babban akwatin, a mayar da ruwan da aka cire wa kulorin. A kashe hita kafin a fara.