Yadda ake ɗaure boris ɗin bak-aksil na Hilux ba tare da an ƙona shi ba

Ba zan ɓata lokaci a kan kwance farfela da zare shaf-shaf ba. Wanda bai iya wannan ba, bai kai ya taɓa cikin aksil ba tukuna. Maganata a kan ɗaurin boris ce, domin nan ne yaran da suka zauna a garejinmu na Farin Gada a Jos suka fi faɗuwa, ni ma nan na faɗi.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne, ba ƙarfin da ka ɗaure noti ake aunawa ba. Ana auna ƙarfin da ake bukata kafin finiyon, wato ƙaramin giyan da farfela ke juyawa, ya fara juyawa. Boris ɗin nan masu siffar mazurari ne, suna son a ɗan matse su. In sun yi sako-sako, finiyon zai riƙa rawa, haƙora su ci juna, motar ta kama ƙugi. In matsin ya yi yawa, zafi ya cinye su.

Kafin komai, ƙirga haƙoran babban giya da na finiyon in sababbi ka sayo a kasuwar Dilimi. Mota mai jan gaba da baya dole lissafin aksil biyun ya zo ɗaya. Idan na gaba 41 da 9 ne, kada wani ya lallaɓa ka da 41 da 10 wai ai duk Hilux ne. Sannan ka sa alama da fanci a kan murafan boris na gefe, na hagu ba ya komawa dama.

Fara da finiyon shi kaɗai, babban giyan yana waje. Shafa wa boris man giya kaɗan, ba giris ba, kuma kada ka auna shi a bushe. Tsakanin boris biyun akwai wani ɗan bututu da ke lotsewa yayin da kake ɗaure noti. Shi ne ke riƙe matsin, kuma sau ɗaya yake aiki. Sayi biyu tun a kasuwa. Kuɗinsa bai kai na kwanon abincin rana na yara ba, amma rashinsa zai sa ka rufe aiki ka sake hawa keke zuwa cikin gari.

Riƙe falanji, wato farantin da ake ɗaure farfela a kai, da dogon ƙarfe, ka ɗaure da hannu. Bindigar iska ba ta da wuri a nan, ko wa ya ce maka. Da farko za ka ji nauyi sosai, har sai ka sa faif a sifana, domin bututun ne ke gardama. Da zarar rawar falanji ta ɓace, to ka shigo wurin haɗari. Daga nan ɗan motsi kaɗan, kamar faɗin farce, sai ka tsaya, ka juya finiyon sau da yawa hagu da dama don boris ya zauna, ka auna. Ka sake ɗan motsawa, ka sake aunawa. A tsohon aksil na Toyota mai inci 8, littafin ya ba da 19 zuwa 26 kilo-santimita (kilon ja sau nisan santimita daga tsakiya) ga sabon boris, 9 zuwa 13 ga wanda aka mayar. Sababbin motoci lambarsu daban, a duba littafinsu.

Ƙaramar sifana mai agogo tana da tsada, na sani. Ni sikelin rataye nake amfani da shi, irin na masu auna kaya. Ka maƙala shi a ramin ƙusar falanji, ka auna nisan ramin daga tsakiya. In santimita 5 ne kuma boris sabo ne, kana neman allura ta nuna kilo 4 zuwa 5 daidai lokacin da finiyon ya motsa. Ka ja a gicciye, a hankali, ba fizga ba.

In ka zarce, kada ka sassauta notin. Wannan ne ya ci ni. Wata Hilux ce mai ɗauko dankali daga Bokkos, magariba ta kawo kai, sikeli ya haura. Na dawo da noti baya kaɗan, awo ya yi kyau, na rufe. Bututun kuwa ya riga ya lotse, babu abin da notin yake dannawa. Bayan kwana tara mai motar ya kira ni daga Hawan Kibo. Da na isa, mai ya wanke bayan motar, falanji na kaɗawa a hannu kamar haƙorin tsoho. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Oga, haka muka yi da kai?" Gara ma a ce ya zage ni. Boris, sil da giyan duka daga aljihuna suka fito. In ka wuce, kwance, sa sabon bututu, fara daga farko.

Sauran aikin bai kai wannan wuya ba. Ɗora babban giyan, mayar da murafan bisa alamarsu, ka ɗaure su sama-sama. Manyan notocin gefe biyu su ne ke tura giyan kusa da finiyon ko nesa. Kafa agogon awo a kan haƙori, ka nemi wasan da ke tsakanin haƙoran giyan biyu ya zama 0.13 zuwa 0.18 na milimita, a wurare uku ko huɗu, ba wuri ɗaya ba. In ka sassauta gefe ɗaya da rami ɗaya, ƙara wa ɗayan rami ɗaya. Idan rawar gefe ta ƙare, ƙara rami ɗaya zuwa ɗaya da rabi a notin da ke gefen haƙora. Koma kan sikeli: awon ya ƙaru da kilo-santimita 4 zuwa 6 a kan na finiyon shi kaɗai, wato kusan kilo 1 a sikeli in nisan santimita 5 ne.

Shafa jan fenti a haƙora ka ga tabon ya faɗo tsakiya. Ɗaure murafan sosai, sa makullan notocin, dake bakin notin finiyon da kurfi ya shiga tsagarsa. Zuba 85W-90 mai alamar GL-5 har ya tsiyayo ta ramin gefe. Ka fita da ita zuwa Bukuru ka dawo, ka ɗora tafin hannu a wuyan aksil. Ɗumi ba komai ba ne. In hannunka ya kasa zama, ɗauko jak.