Yadda za ka tara hankalinka idan aikin makaranta ya taru maka

Ɗalibin babbar sakandare yana ɗauke da darussa takwas ko tara, kuma kowane malami yana ba da aiki kamar shi kaɗai ne a makarantar. Na lissafi ya ce tambayoyi ashirin kafin Litinin, malamar bayoloji ta ce a zana zuciya a sa sunayen sassanta, na Turanci yana jiran rubutun wasiƙa, ga tes ranar Laraba. An tashi ƙarfe biyu, an ci abinci, an tafi Islamiyya, an dawo dab da magariba, ga aike. Sai bayan isha'i ake buɗe littafi, a karanta layi ɗaya sau huɗu ba a san abin da ya ce ba. Daga nan hannu ya tafi waya.

A gida za a ce lalaci ne. Wani lokacin haka ne, amma sau da yawa kai ne ya cika har ya rasa ta inda zai fara. Ga yadda ake kwance shi.

Mataki na 1: Sauke komai a takarda

Ka buɗe shafin ƙarshe na wani littafin rubutu ka jera duk abin da ake bin ka. Kowane aiki layi ɗaya: darasin, abin da aka ce a yi, da ranar karɓa. Ka sa har wanda ranarsa ta wuce kana ta wasan ɓuya da malaminsa. Ka sa na wajen makaranta ma, irin su haddar Islamiyya, wankin yunifom, da kai wa Baba abinci kasuwa. Kada ka fara ko ɗaya tukuna.

Masu nazarin ƙwaƙwalwa sun gano cewa abubuwan da mutum yake iya riƙewa yana juya su a ransa a lokaci guda ba su wuce huɗu ko makamancin haka ba. To idan huɗun nan duk sun tafi wajen "kada in manta da kemistiri, kada in manta da tes", ina lissafin da ke gabanka zai zauna? Takarda ba ta mantuwa, ka bar mata riƙon. Kuma abin da yake kamar ba shi da iyaka a cikin kai, idan aka jera shi sai ka ga guda shida ne ko bakwai.

Mataki na 2: Zaɓi na yau, ka rufe ido ga sauran

Abu biyu za ka duba: wanne za a fara karɓa, wanne kuma ya fi maki. A makarantu da yawa tes da ayyukan aji su ne kashi 30 ko 40 cikin ɗari na sakamakon zango, don haka aikin da ke da maki goma ya riga wanda malam zai duba kawai ya sa hannu. Idan dole sai wani abu ya jira, kada ya zama lissafi ko Turanci. Duk mai neman jami'a a Najeriya yana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, kuma lissafi da Turanci ne suka fi tsayar da mutane. Ka ja layi a ƙarƙashin aiki ɗaya, ko biyu in ranar da sauƙi.

Wanda ka san ba za ka gama a kan lokaci ba, ka je wurin malamin kafin ranar, da littafinka a hannu: "Malam, barka da aiki. Na yi ta ɗaya zuwa ta takwas, ta tara ce ta tsayar da ni. Don Allah a ƙara mini zuwa Laraba." Malamai da yawa suna sassautawa idan sun ga an taɓa aikin. Abin da ke ɓata musu rai shi ne a zo ranar karɓa hannu rabbana. Kwafar na aboki da safe kafin asambile kuwa zai raba ka da bulala, amma tambayar tana nan tana jiranka a zauren jarrabawa.

Mataki na 3: Yanka aikin har ya daina ba ka tsoro

Nan ne yawancin ɗalibai ke maƙalewa. "Zan yi fizis" ba abu ba ne da hannu zai iya kamawa, shi ya sa kake ta kewaya shi. Ka tuna yadda ake yi a makarantar allo. Ba wanda ake miƙa wa izifi sittin a ce ya je ya haddace. Ana rubuta ɗan abin da allon zai ɗauka, yaro ya yi ta maimaitawa har ya zauna, ya biya wa malam, a wanke, sannan a yi ƙari. Haka za ka yi wa aikin boko.

Maimakon "lissafi", ka rubuta "tambaya ta 1 zuwa ta 3". Maimakon "wasiƙa", ka rubuta "adireshi da gaisuwa", sannan "dalilai uku da zan kawo, kowanne a layi ɗaya", sannan "sakin layi na farko". Zanen bayoloji: yau zane da fensir, gobe sunaye. Idan ka kalli guntun da ka yanka har yanzu gabanka yana faɗuwa, bai yi ƙanƙanta ba, ka sake raba shi. Babu kunya idan matakin farko shi ne "buɗe shafi na 54, in kwafe tambayar". Wuyar aiki ba a fara ba.

Duk guntun da ka gama ka soke shi da biro. Ganin layukan da aka soke yana ƙara ƙarfin gwiwa fiye da yadda za ka zata.

Mataki na 4: Ɗaura karatun a jikin salla, ka yi shi gajere

Jadawalin da aka rubuta "7:15 zuwa 8:40" ba ya kwana uku a gidanmu, domin baƙo zai zo, wuta za ta ɗauke. Amma lokutan salla ba sa gushewa. Ka ce "bayan asuba, tambayoyi uku" ko "tsakanin magariba da isha'i, bitar kemistiri". Bayan asuba ya fi kowanne: gida shiru, ba zafi, ba wanda zai aike ka. Ɗan makarantar kwana yana da firef, wato lokacin nazari da makaranta ta ware, sai dai ya shiga da guntun aikinsa a rubuce, in ba haka ba rabin lokacin zai tafi wajen tunanin littafin da zai ɗauko.

Sannan kada ka yi wa kanka alkawarin awa uku. Wani ɗalibi ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya fito da wata dabara a ƙarshen shekarun 1980 da ake kira Pomodoro: aiki minti 25 ba tsayawa, hutu minti 5, bayan zagaye huɗu a yi dogon hutu. Ni a ganina 25 ɗin ba wahayi ba ne. Idan minti 10 kake iyawa yanzu, ka fara da 10. A lokacin hutun ka miƙe, ka sha ruwa, ka leƙa tsakar gida. Idan wani tunani ya faɗo maka ana cikin aiki, kamar saƙon da ba ka amsa ba ko wasan ƙwallon dare, ka rubuta shi a gefen takarda ka ci gaba. Zai jira.

Mataki na 5: Raba ɗaki da waya

Kife ta a gefenka bai isa ba, kashe ƙararta ma bai isa ba. Ka kai ta wani ɗaki, ko ka ba Umma ta riƙe har ka gama. Idan a guruf ɗin WhatsApp na aji aka turo aikin, ka kwafe tambayoyin a takarda da farko, ka kashe data, sannan ka miƙa ta. Ka auna lokaci da agogon bango. Wanda ya ce zai duba lokaci a waya, TikTok zai duba.

Mataki na 6: Rufe littafin ka biya wa kanka

Yawan kallon shafi yana sa ka ji kamar ka iya, alhali idonka ne kawai ya saba da shi, kuma a irin wannan karatun ne hankali ya fi guduwa domin ba a ba shi aiki ba. Ka karanta sakin layi ɗaya, ka rufe, ka faɗi abin da ya ce da bakinka, da Hausa ma in ka so. Inda ka kakare, nan za ka koma. A lissafi ka rufe misalin malam ka sake warware shi da kanka.

Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a farko-farkon lokacin da aka koyi abu, sannan ta lafa. Saboda haka bitar minti goma a daren da aka yi darasi, da wata bayan kwana biyu, ta fi kwana zaune ana gobe tes. Wannan hanyar tana da wata riba: ba ta buƙatar wuta. Rubutu da zane ka yi su da sauran hasken rana, biyawa da ka kuwa ko a duhu ana yi.

Mataki na 7: Nemi yardar gida

Ke da wanke-wanke, shara da rainon ƙanne ke kanki, kada ki jira sai an kira ki kina tsakiyar aiki ki amsa da fushi. Ki samu Umma lokacin da hankalinta ke kwance: "Umma, don Allah daga isha'i zuwa ƙarfe tara a bar ni da aikin makaranta. Wanke-wanken zan gama kafin magariba." Lokaci mai farko da ƙarshe ya fi sauƙin bayarwa a kan "ina karatu" da ba a san ranar ƙarewarsa ba. In gidan da hayaniya, ka nemi zaure, ko gefen masallaci tsakanin salloli, ko ka tsaya a aji rabin awa bayan an tashi.

Idan abin ya taso maka a tsakiyar aiki

Ƙirji ya yi nauyi, zuciya na bugawa, kana jin kamar ka yi kuka ko ka yi jifa da littafin. Ka ajiye biro. Ka tashi ka yi alwala ko ka wanke fuska, ka ja numfashi a hankali, ka fitar da shi a hankali fiye da yadda ka ja, sau biyar ko shida. Idan ka dawo, ka ɗauki guntu mafi sauƙi a takardarka, ko da ba shi ne mafi muhimmanci ba.

Barci, da abin da ya wuce dabara

Likitoci sun ce mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. Wanda ya kwanta ƙarfe ɗaya ya tashi asuba ba zai tara hankali a aji ba ko wace dabara ya bi. Kofi da goro da yamma suna daɗewa a jiki awanni da yawa, su hana barci, gobe a tashi a gajiye a sake nemansu. Tiramadol da maganin tari mai kodin kuwa, duk abokin da ya ce suna buɗe kai ƙarya yake yi. A 2018 gwamnatin Najeriya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi saboda ɓarnar da ya yi wa matasa. Kuma ka karya kumallo kafin ka fita, ko koko da ƙosai ne.

Idan ka bi matakan nan makonni ba canji, a duba jiki. Ciwon kai in ana karatu ko rashin ganin allo daga baya na iya zama matsalar ido da tabarau zai gyara. Kasala da jiri na iya zama ƙarancin jini, musamman ga 'yan mata, ko zazzaɓin cizon sauro da bai fita ba. Akwai kuma larurar da likitoci ke kira ADHD, wadda mai ita tun yana ƙarami yake fama da zama wuri ɗaya, da mantuwa, da ƙarasa abin da ya fara, a gida da makaranta duka. Likita ne yake tantance ta, kuma ana samun taimako. Haka idan baƙin ciki, rashin barci ko rashin sha'awar komai ya wuce mako biyu, ka gaya wa iyayenka ko fom masta a kai ka babban asibiti mafi kusa. Daga can, in da buƙata, za a tura ku wurin ƙwararru, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri. Ka tafi da bayanin tun yaushe abin ya fara, da awa nawa kake barci, domin likita zai tambaya.