Yadda Za Ka Zana Ɗakin Inna da Fentin Mai

Zaɓi kusurwa ɗaya: gado, jeren kwalla, tabarma. Mu nan Argungu ta ƙofa hasken hantsi ke shigowa, don haka ka riƙa zama lokaci ɗaya kullum, kada inuwa ta canja maka wuri.

Fara da gawayi, ka fitar da layin bango da na ƙasa a kan ƙyallen da za ka yi zanen.

Sai shafin farko, fenti mai launin ruwan ƙasa, tsinkakke da tafentin (ruwan tsinka fentin mai). Inuwa tukuna, haske daga baya.

Bar zanen kwana 3 ya sha iska, fuskarsa na kallon bango, domin ƙurar hunturu na manne wa ɗanyen fenti.

Kowane sabon shafi ya fi na ƙasansa mai, in ba haka ba, zai tsattsage. Ƙyallin kwalla, wanda ni na fi so, ɗigon fari ne a ƙarshe.